Na Sayar da Iyayensu

Daren Asabar, cikin marka, Doguwa

Yau ma ’yan tsaki shida na kwashe a mace. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, sanyi har cikin ƙashi. Sun cure a lungun kwali suna neman ɗumi, na sama suka danne na ƙasa.

Injin ƙyanƙyasar bai yi laifi ba, ya ƙyanƙyashe kusan duka ƙwan. Amma da na sayar da kajina masu kwanci don in sayo shi, mai shagon nan na Tudun Wada bai ce min aikinsa a bakin ɓawo yake ƙarewa ba. Innata ce kaɗai ta tambaya, “To in sun fito, wa zai rufe su?” Ni kuwa dariya na yi mata.

Na sa kaskon gawayi, hayaƙi ya shaƙe biyu. Da la’asar Inna ta shigo da kazarta a hammata, ko gori ba ta yi min ba. Muka tura mata su, ta caccaki ɗaya a ka har jini.

“Ba nata ba ne, Hauwa,” in ji Inna.

Yanzu sauran suna cikin zanena, a jikin cikina. Kukansu sai raguwa yake yi.