Gurnanin Bacalhau

Fall River, watan Mayu

Jikata Leonor ta dawo gidana! Ta wuni a nan ran Asabar, ta ci abinci a teburina, ta kuma ce kowane mako za ta riƙa zuwa!

Yaya Idalina, ki yi haƙuri, murna ce ta sa na tsallake gaisuwa. Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya gwiwar? Ina fatan sanyin Toronto ya sake ki. Ki gaishe min da 'yarki Fátima da mijinta da yaran.

Kin san tun rasuwar ɗana Norberto, matarsa Colleen ta koma Worcester wajen danginta da yarinyar. Ban ga laifinta ba. Amma daga Kirsimeti sai Ista nake ganin jikata, in ma ta zo a bakin kujera take zama kamar baƙuwa, daga e sai a'a. Shekararta goma sha ɗaya yanzu, ni kuwa ban san abin da ake ce wa yarinya mai wannan shekarun ba.

To a Istar nan na ji tana yi wa uwarta magiya a kan kyanwa. Irin manyan nan na Maine Coon take so, masu geza kamar zaki, mai gidan hayarsu kuma ya hana ajiye dabba.  Da suka tafi na sa Tibério, maƙwabcina na hawan sama, ya raka ni wurin wata mata a New Hampshire mai kiwonsu. Na taɓa kuɗin da nake tarawa na tafiyarmu gida, tsibirin São Miguel. Kada ki tada hankalinki, saura zai kai ni badi in Allah ya so.

Ɗan muzuru ne, ruwan toka, tafin ƙafarsa kamar na kare. Har da takardar asali aka ba ni, an jera uwarsa da ubansa da kakanni. Tibério ya karanta ya ce, "Amâncio, wannan ya fi ka sanin dangi. Kai za ka riƙa kwana a ƙasa, shi a gado." Leonor ce ta raɗa masa suna, Bacalhau. Na ce ina aka taɓa kiran kyanwa da sunan busasshen kifi? Ta ce, "Kaka, ita kaɗai ce kalmar yarenku da na sani, in ba ka so ka koya min wata." Kin ji fa. Yarinyar da ba ta haɗa min kalma uku.

Colleen ta ce in yi masa inshora tun ranar da na ɗauko shi, wai masu tsantsar jini irin wannan ciwo yana bin zuriyarsu. Na yi dariya. A garinmu kyanwa da ɓera da kan kifi take tsufa. Duk da haka na ce zan yi, sai dai na bi yadda Baba yake yi da saniya, ba a shigar da dabba inshorar ƙungiyar manoma sai an duba ta tukuna. Na fara kai shi asibitin dabbobi.

Likitar ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe, sannan ta ce tana jin murmur kaɗan. Wannan kalmar Turancin na san ta. Malama Kowalski ta koya mana ita a ajin yamma bayan an rufe masaƙa, ta ce ƙaramar murya ce mai laushi, kamar ta ruwan rafi. Na ce wa likitar ai ni ma ina ji, in ya kwanta min a ƙirji gurnaninsa har cikin ƙashina. Ta ƙara wasu maganganu da sauri, ta ce in dawo da shi a ɗauki hoto. Kin san su, ba ka fita sai sun nuna maka wata ƙofar. Washegari na kira kamfanin inshorar, suka tambaya ko yana da wani ciwo, na ce lafiyarsa lau, likita ma ta yaba muryarsa.

Ran Asabar zan yi wa Leonor miyar ganye da tsiran alade irin ta Mama. Ki aiko min da yadda ake burodin zaƙi, na manta yawan ƙwan.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Amâncio

Fall River, watan Fabrairu

Yaya Idalina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da su Fátima. Na ga katinki na Kirsimeti da hoton yaran, Allah ya raya su. Ni jikina da sauƙi, zuciya ce ba daɗi.

Bacalhau yana asibiti. Ran Asabar da safe na ɗauko Leonor kamar kullum. Muna shiga ba mu tarar da shi a bakin ƙofa ba, shi da yake jin ƙarar motata tun daga kan kwana. Ita ta gano shi a bayan injin wanki, ya miƙe wuya, baki buɗe, yana haki kamar karen da ya sha gudu. Kyanwa ba ta haki, ko ni na san wannan. Na naɗe shi a tawul, ta riƙe shi a cinya, na tuƙa cikin dusar ƙanƙara zuwa babban asibitin. Duk hanya ba ta yi kuka ba. Cewa kawai take, "Kaka, yi sauri."

Sun sa shi a wani akwatin gilashi da ake hura wa iska. Sun ce ruwa ya taru a huhunsa saboda naman zuciyarsa ya yi kauri, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Ciwon gado ne a irinsu, takardar asalin nan da nake alfahari da ita ba ta hana komai ba. Likitan ya duba bayanin asibitin farko ya tambaye ni me ya sa ban kawo shi hoton zuciya ba, tunda tun yana ƙarami an ji murmur. Na ce ai gurnani ne. Ya dube ni, ya ja kujera ya zauna, ya yi min bayani a hankali. Yaya, a bakin likita kalmar nan ba ruwanta da rafi. Wani sauti ne da jini ke yi in zuciya ba daidai take ba. Ashe gargaɗi matar nan ta yi min, ni kuma na tsaya ina yi mata godiya. Sauran maganar da ta yi da sauri ban kama ba, na dai gyaɗa kai, yadda muka saba yi a gaban likita tun zuwanmu ƙasar nan.

Na tambaye shi ko da na kawo shi da wuri da ya warke. Ya ce ba ya warkewa, amma da an sa masa ido, da wataƙila an tare ruwan kafin ya kai haka. Leonor tana tsaye a gefena. Da ta ji an ce zuciya sai ta saki hannuna ta fita waje. Kin san ciwon zuciya ne ya kayar da ubanta a wurin aiki.

Abin da ke ɗan kwantar min da hankali shi ne inshorar. Ban taɓa fashin biya ba. Na biya asibiti da hannuna, sun ce kamfanin zai mayar min. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Amâncio

Fall River, watan Maris

Yaya Idalina,

Ina gaishe ki. Yaya gwiwa, an yi allurar? Na gode da kiran da kika yi, ki yi haƙuri ban iya magana sosai ba. A takarda na fi iya faɗa.

Kamfanin ya ƙi. Sun ce duk ciwon da likita ya ga alamarsa kafin a shiga inshora ba ya cikin alkawarinsu, kuma an rubuta kalmar nan kwana guda kafin in kira su. Yarinyar da na samu a waya mai ladabi ce. Na ce mata ni ba ƙarya na yi ba, ban gane ba ne. Ta ce ta yarda, amma ba zai canza komai ba. Na ce to me kuke biya? Ta ce in ya karye a ƙafa, ko ya haɗiyi zare. Na ce zuciyar fa, da ita za ta kashe shi? Ta ce duk abin da ya shafi zuciya babu, har ƙarshen ransa. Da na bi maganar Colleen na shigar da shi tun ranar farko, na bar makonni suka wuce kafin a duba shi, da wataƙila sun biya. Ni kuwa na bi hanyar saniyar Baba.

Tibério ya ce, "Kai ma dai, kyanwoyin bola ga su nan bayan kantin kifi kyauta, ko mota ba ta kashe su, ka je ka sayo ɗan sarauta mai ciwon sarauta." Na ce ya fitar min daga gida. Da yamma sai ga shi da gasasshiyar kaza, wai ta maras lafiya ce, ba tawa ba.

Yanzu ga abin da nake jin nauyin faɗa miki. Asibiti ya cinye kuɗin tafiya, magani kuma kullum ne. Ba zan iya zuwa São Miguel ba. Na san kin ce wannan ce tafiyarki ta ƙarshe, kuma kin so mu tsaya tare a kabarin Mama. Ki tafi da Fátima. Ki yafe min.

Bacalhau ya dawo gida, ya rame, gashin ne kawai ke rufa masa asiri. Likita ya ce watanni ne, in an yi sa'a shekara. Amma Leonor ba ta zo ba tun ranar. Colleen ta kira ni, ta ce yarinyar ta daina barci sosai, ta ce ba za ta bari ta sake tsayawa tana kallon mutuwa ba, gara a dakata da zuwa har abin ya wuce. Me zan ce? Uwa ce, kuma gaskiyarta. Sai dai ni na san in abin ya wuce, babu sauran abin da zai kawo ta. Ba don ni take zuwa ba, ban taɓa ruɗin kaina ba. Ran Asabar na yi miyar duk da haka. Ni da Tibério muka sha.

Ba wa Bacalhau ƙwayar magani ma yaƙi ne. Duk hannuna yakushi, in na tura ta ta dama ya tofo ta ta hagu. Har yanzu yana hawa ƙirjina yana gurnani, ni kuma sai in kasa kunne ina neman ɗayan sautin a ƙarƙashi. Ba na jin komai. Ban san yadda suke ji ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Amâncio

Fall River, watan Afrilu

Yaya Idalina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yaran. Wasiƙarki ta iso. Na karanta inda kika ce ba komai, na san da komai, na gode.

Leonor ta zo! Ran Laraba ta kira ni da kanta, ko gaisuwa babu, ta ce, "Kaka, kana ba shi maganin?" Na ce ina ƙoƙari, amma rabi a ƙasa yake ƙarewa. Ta ce, "Na sani. Kai ko zare ba ka iya sa wa allura." Na ce yarinya, shekara talatin na yi a masaƙa. Ta ce, "Shi ya sa aka rufe ta." Ban san abin da ya gudana tsakaninta da uwarta ba. Ran Asabar dai Colleen ce da kanta ta kawo ta, ta ma shigo ta sha kofi, idonta ja.

Leonor ta naɗe shi a tawul, ta ɗaga masa haɓa, ta jefa ƙwayar, ta shafa maƙogwaronsa, shi ke nan. Ta koya min yadda ake ƙirga numfashinsa in yana barci, ta ce in ya yi sauri in kira likita, sannan in kira ta, ko tana makaranta. Na gaya mata gaskiya, ba zai warke ba. Ta ce ta sani, ta karanta.

Da la'asar muna zaune a dakalin baya, shi yana kwance a rana tsakaninmu, haƙarƙarinsa na hawa da sauka.  Can sai ta ce, "Kaka, in ya mutu, me za mu riƙa yi ran Asabar?"

Yaya, "za mu" ta ce. Na sake juya maganar a raina don kada in ƙara yi wa kalma mummunar fahimta, na tambaye ta, "Wa da wa?" Ta ce, "Ni da kai mana, ko akwai wani tsohon a gidan nan?" Na tashi na shiga ciki wai zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Ba zan ɓoye miki ba, jikin Bacalhau yana ƙara sanyi. Jiya ya kasa hawa gado, sai ɗaga shi na yi. Ban san ko zai ga bikin cocinmu na Ruhu Mai Tsarki, da kuka ce za ku zo, ba. Don haka kada ku jira biki. Kafin ku tashi zuwa tsibiri ku biyo ta nan, ke da Fátima da mijinta da yaran duka, akwai wurin kwana, Tibério ya ce zai ba da ɗakinsa. Ku zo ran Asabar, tun yana iya fitowa rana. Ku zo ku gan shi, ku ga yadda jikata take ba shi magani.

Ƙanenki mai jiranku,
Amâncio Pavão