Kada Ku Harbi Kukan Zabo

Ni Eli Ɗan'auta, tsohon hedimasta a Manchok, na rubuta wannan da hannuna a gadon asibiti a Kafanchan, cikin Nuwamban 1977. Ƙirjina ya gaji, amma hankalina garau yake. Zuwa ga 'ya'yana Rufus, Paulina da Meshak.

1. Gida da gonar citta na ku uku ne, kada a raba. Littattafaina a kai wa makarantar da na koyar. Kekena na Paulina ne, ita ta yi ta zirga-zirgar jinyata.

2. Meshak, ɗana, na ji ka fara farautar zabin daji da bindigar da ka aro wurin maƙwabcinmu Nuru. Ka mayar masa yau. Na koyar da 'ya'yan mutane har gashina ya yi fari, ga shi kai ina koya maka daji a takarda, domin lokacin da yayanka ke bina farauta kana kwalejin malamai. To, ka saurara. Zabi kan ɗorawa suke kwana, su sauko da sassafe su bi gonakin acca da aka girbe. Ka riga su isa, ka zauna bayanka jingine da itace, ka yi shiru kamar kututture. Zabo ya fi ka ido. Kada ka bi shi da gudu, sai dai ka sha ƙaya. Albarushi kuwa a ma'auni ake zuba shi. Wanda ya ƙara don ƙarfin harbi, yatsunsa yake sayarwa. In ka tarar da sheƙar zabuwa da damina, ka ɗebi ƙwai da ludayi, ka bar mata saura, kada hannunka ya taɓa.

3. Ga abin da ya hana ni cin abinci. Paulina ta gaya mini ku biyu fadama ɗaya kuke zuwa, ta bayan tsohuwar gonar kakanku, kuma tun da tarkon Rufus ya kashe karen Meshak ba ku magana. Babu mai gaya wa ɗan'uwansa ranar fitarsa. Meshak, ba ka san yadda yayanka ke farauta ba. Kwanciya yake cikin dogon gamba, yana busa ƙashin fiffike da na fafe masa, yana kukan zabuwa. Ni da na koya masa, ya sha ruɗina. Kai kuma sabon hannu ne, an ce kana ɗaga bindiga da zarar ciyawa ta motsa. Ina yaro na ga an ɗauko wani mutumin Fadan Kaje a kan ƙyauren ɗaki, abokinsa na biye yana birgima a ƙasa. Abokin ne ya ji kuka, ya ɗauka zabo ne, ya harba. Ina roƙonka da sunan Yesu, kada ka taɓa kunamar bindiga sai ka ga tsuntsun da idonka, kai da wuya da zanen jikinsa, ka kuma ga abin da ke bayansa.

4. Rufus, kai ne babba. Kare ya mutu, ka je ka ce ka yi kuskure, bakinka ba zai tsage ba. Ka ajiye busar nan har sai ƙanenka ya san inda kake kwanciya. In girman kai ya hana ka shiga ɗakinsa, ka tsaya a ƙofa ka faɗi ranar fitarka da wurin da za ka, ka wuce. Wannan kaɗai ma na karɓa.

5. Bindigata harba-ruga ta Meshak ce, amma tana hannun Paulina. 'Yata, kada ki ba kowa sai sun zo miki tare, Rufus ya yi alkawari a gaban fasto zai fita da ƙanensa rani guda cur. Za su yi miki tsawa, za su turo matansu da daɗin baki. Ki toshe kunne. Zabon farko da Meshak ya harbo a kai wa gwaggonku Afiniki, ita ce babba a gidanmu yanzu.

An gama girbin acca, na san ƙafafunku na ƙaiƙayi, ni kuwa ba zan iya tashi in tare hanya ba. Paulina, ki karanta musu wannan tun ina da rai, kada ki jira jana'iza.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare fitarku da shigarku, ku da 'ya'yanku. Ku ci tuwo a kwano ɗaya, ku riƙe 'yar'uwarku. Ramin da za a haƙa a gidanmu bana, nawa ne. Kada ku sa a haƙa na biyu.

Mahaifinku,
Eli Ɗan'auta