Inna Ba Ta Rikice Ba, Kalmomi Ne Suka Guje Mata

Zuwa ga Babban Likita, mai asibitin kuɗin nan na layinmu a Gyadi-Gyadi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan aiki na tafiya. Tunda soja sun koma bariki, an ce kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, ni zan faɗi na mahaifiyata, Inna Hajara, don nata bakin ya daina ba ta haɗin kai.

Na farko, ina jinjina wa saurinka. Mun kawo ta ne saboda kalmomi suna ɓace mata. Tana son ludayi, sai ta yi ta cewa abin nan, abin nan. Ka tambaye ta wane ne shugaban ƙasa. Ta yi ta kokawa da harshenta, sannan ta nuna hotonsa a kalandar da ke bayanka. Ba ka waiga ba, bironka ya riga ya rubuta gigin tsufa. Ko mai shayi bai kai ka saurin sallama ba.

Na biyu, na gaya maka ita kaɗai take zuwa kasuwar Tarauni ta dawo, ba ta ɓata hanya, ba ta rikita raka'a. Ka ce 'ya'ya ba sa son gaskiya. Na gode da wa'azi.

Na uku, ga amfanin da takardarka ta yi. Yayyena suka hana ta girki, suka sa wa ƙofar gida kwaɗo. Ana zancenta a gabanta kamar ba ta wurin, alhali tana gane komai. Ranar da babban yayanmu ya ɗauke jaririn ƙanwata daga cinyar Inna, ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ƙwayoyin da ka rubuta mata kuwa, masha Allah, barci har azahar.

Daga baya muka ga wata likitar ƙwaƙwalwa. Ta jera mata mukulli da allura da cokali. Inna ta kasa kiran sunansu, amma ta nuna aikin kowanne. Likitar ta ɓoye su, can anjima Inna ta zaƙulo su duka. Bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Inna, likitar ta ce ciwo ne mai cin sashen magana a hankali, ba ya warkewa, wataƙila nan gaba ya taɓa tunani, amma yanzu hankalinta na nan daram. Ta haɗa mu da mai koyar da magana.

An cire kwaɗo. Sai dai har yau Inna ba ta karɓar jariri sai ta fara duban fuskar yayanmu.

Roƙona: ka gyara abin da ka rubuta a katinta. In tsoho ya kasa amsa, ka bincika ko bai sani ba ne, ko kuwa faɗa ce ta gagara. Abin da ya fi ƙarfinka, ka tura gaba, ba zai rage maka girma ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya ba ka tsufa mai kyau, ya haɗa ka da likita mai haƙuri.

Wassalam.

'Yarta ta uku,
Gyadi-Gyadi, Kano.