Ƙofar da Ban Ƙwanƙwasa Ba

Ya sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa, ruwan farko da ke sauka bayan ƙasa ta gaji da jira, matata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya yi wata bakwai yana yi miki ƙarya da kalma biyu. Kullum kika kira kika tambayi lafiyata, sai in ce lafiya lau. Yau na ɗauki biro don takarda ba ta nuna rawar murya. Ba lafiya ba, masoyiyata. Tsoro nake ji!

Kin san mijinki da son gaisuwa. Ranar da na tare a benen nan, hawa na tara, ko jaka ban kwance ba na bi ƙofofin maƙwabta ina ƙwanƙwasawa, wai in sanar da su sun yi baƙo. Wata ta leƙo ta bayan sarƙar ƙofa, wani ya yi magana bai buɗe ba. Washegari mai kula da gidan ya tare ni a bakin lif, na'urar hawa bene, ya ce an kai ƙarata, a garin nan ba a taɓa ƙofar mutum sai da dalili. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar na kama kaina. A jirgin ƙasa takalmina nake kallo, a ɗakin gwajin jinin da nake aiki kuma daga ni sai kwalabe da ƙarar na'ura har a tashi.

Mutum ɗaya ne ya buɗe mini a ranar, wani tsoho da ƙofarsa ke kallon tawa. Gyaran agogo ya yi a ƙuruciyarsa, don haka na laƙaba masa Baba Mai Agogo. Kowace safiya ina samun sa a bakin ƙofa yana zuba wa tukunyar furensa ruwa da kofin shayi. Sai in ce masa ina kwana da harshenmu, shi kuma ya amsa da lafiya lau, kalma biyun da na koya masa, yana jan su kamar mai waƙa. Ranar da na ba ki labari kin yi dariya har da tari, kika ce a gaishe miki da surukinki.

To, wata safiya ban gan shi ba. Na ce barci ne. Kwana uku, furen ya sunkuyar da kai. Kwana shida, takardu suka taru a ƙarƙashin ƙofar. Sau uku ina ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sau uku ina mayar da shi aljihu, ina ce wa kaina ba ni da dalili. Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar da mutane huɗu masu safar hannu suna fitowa da shi a lulluɓe. Kwana tara ya yi a ƙasan kicin. Taku huɗu ne tsakanin ƙofata da tasa, na ƙirga!

Wane ne wannan da ya mayar da hannu aljihu? Shi ne kika aura? Idan gobe ni ne a ƙasa, wa zai lura takalmina bai motsa ba? Amma abin da ya fi firgita ni shi ne yadda garin nan ya sauya ni cikin wata bakwai ba tare da ya ɗaga mini murya ba.

Kin tuna zazzaɓin da na yi a watanmu na biyu da aure? Na rufe kaina a ɗaki, kina tambaya daga waje ina cewa lafiya lau. Da ƙugu kika turo ƙofar, bahon wanki a hannunki, kika ajiye shi, kika ɗora tafinki mai sanyin ruwa a goshina, kika kira ni maƙaryacin da bai iya ƙarya ba. Wayyo, wannan tafin hannu!

Da takardunki na zuwa suka fito na ce ki dakata, wai ɗaki ya yi ƙanƙanta. Na san kin zaci zuciyata ce ta yi sanyi. Wallahi ba haka ba ne. Tsoro nake kada garin nan ya koya miki abin da ya koya mini, ki zama mai wuce ƙofa da kai a sunkuye. Yanzu kuwa na gane cewa idan ba ki zo ba, ni ne zan ƙarasa bushewa. Ƙarshen watan nan takardun za su daina aiki. Ki yafe mini, ki zo, don Allah ki zo!

Tukunyar furen Baba tana kan tagata, ta fitar da sabon ganye guda ɗaya. Na ba mai kula da gidan lambarki, na kuma gaya masa ya bar miki makulli. Idan kin iso hawa na tara kada ki ƙwanƙwasa, farin watana. Ko kin ji na ce lafiya lau daga ciki, ki turo ƙofar.

Naki ne ni, a tsorace ko a natse, har ranar da numfashi zai bar ƙirjin nan,

Mijinki.