Ashe Miyarki Da Gishiri, Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa da mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ba zan ce maki ina gajiya ba, ke kam kin huta. Mu nan Mafara lafiya lau, ban da abin da na jawo ma kaina ranar Juma'a.

Mazarƙwaila na saya na ɓoye a aljihun babbar rigata don kada yara su gani, na manta da ita ta kwana. Liman na tsakiyar huɗuba kiyashi sunka fara tasu a jikina. Na motsa, na dafe ƙirji, hawaye na zuba. Dattijon da ke gefena ya ɗauka wa'azi ne ya ratsa ni, da anka sallame har ya riƙe hannuna yana sa mani albarka. Na karɓa, Inna. Ban tara ta da yawa ba balle in mayar.

Za ki ce mi ya haɗa mai furfura da ɓoyon mazarƙwaila. To, abin nan da har kinka rasu ba ki taɓa kiran sunansa ba, sai dai ki ce "ruwan Lawali", na bar shi tun kafin azumi. Giya nake nufi, don masu leƙen wasiƙar nan su huta da tsammani.

Ba wanda ya gaya mani in ta fita kwaɗayin zaƙi ke shigowa. Mai shayin bakin tasha ya ce ni sukari nake sha, shayin rakiya ne. Raken Bakolori kuwa, awakin unguwa sun san ƙofar gidana saboda ɓawo. Da can surukarki Hajara kuɗin cefane take ɓoye mani, yanzu gwangwanin sukari. Ta ce wannan ɓoyon ya fi mata daɗi, a ƙalla ɓarawon yana kwana gida.

Daga baya sai bakina ya fara farkawa. Na gutsuri ɗanyar albasar Bakura na ji zaƙi a bayan yajinta. Na sha furar wata Bafillata daga Ruwan Gizo na ji gero daban, citta daban, kanumfari daban. Har ruwan randa ashe yana da ɗanɗano, irin na ƙasa in an yi yayyafi. Ni da ban wuce aji huɗu ba na koma ina ba mutane darasi a kan ruwa.

Rannan Hajara ta kawo tuwo da miyar kuka. Loma ɗaya na ji kamar an juye mani gishirin kasuwa duka, ga barkono har kunne. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, ta riga ni. Ta ce ba ta ƙara komai ba a kan yadda nake sa ta yi shekara da shekaru. Na dubi jikokinki, suna ta ci hankali kwance. A kan wannan miyar sunka tashi. In sun ci ta maƙwabta cewa suke lami ce. Wani uban gona yake bar ma 'ya'yansa, ni gishiri na bar masu a harshe.

Nan ne na tuna ranar da na zo gaishe ki a Dosara.

Kina gidan Yaya Hajo kina jinya, anka ce maki na zo. Kinka tashi da ƙyar, kinka ce ba mai kaɗa mani miya sai ke. Da daddawarki kinka yi, wadda ba ki yarda a taɓa. Na kai loma ɗaya na ture kwanon, na ce tsufa ya cinye hannunki, ko gishiri babu. Da wasa na faɗa, kin san ni. Ba wanda ya yi dariya.

Kinka sa yatsa kinka ɗanɗana, kinka ce, "Miya lafiyarta lau, Lawali. Allah ya maido maka da bakinka."

An karɓi addu'arki, Inna. Sai dai ta iso ba ki nan.

Tun daga wannan rana Yaya Hajo ba ta sake aje kwano a gabana ba. Tana amsa gaisuwata, tana tambayar yara, ko ruwa kuwa sai dai ta sa a miƙo mani. Ita kaɗai ta ɗauko hannunki a duk gidanmu. In ba a wurinta ba, ba inda zan san abin da na ture.

Na aika mata cewa na bari, kuma ina son zuwa. Ta aiko da amsa gajera, irin taki: in zo, za ta kaɗa, amma ko ƙwayar gishiri ba ta ƙarawa, kuma sai na suɗe kwanon a gaban kowa.

Ban tafi ba tukuna. Kullum sai in ce babur ne ba lafiya, alhali lafiyarsa lau. Ba faɗan Yaya nake tsoro ba, na saba. Tsoro nake in ci in ji daɗinta, kuma babu ke balle in faɗa maki.

Amma zan je. Kina bina kwano ɗaya, ba kuma wanda zai ci mani shi.

Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga abin da ya fi zuma. Ya riƙe ni a kan wannan hanya, ya sa kada bakin da kinka roƙa mani ya sake ɓata. Amin.

Ɗanki mai surutu,
Lawali