Tsugunon Baba Masawudu

Dagenham, Landan

Zuwa ga Yayana Mutawakil,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka, ya Awabu da yara? Ina fata ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Ƙungiyar besbol ta ma'aikatan mota, wadda Baba ya yi wa wasa tun kafin a haife mu, za ta yi bikin tunawa da 'yan wasanta na da. Sun kafa wani ƙaton hoto: mai cafe ƙwallo ya tsuguna a bayan mai duka, fuskarsa cikin takunkumin ƙarfe. Baba ne, amma a ƙasa sun rubuta Mista Holloway. Wai Holloway! Mutumin da ya yi ta ɗumama benci ba a sa shi wasa, sai da ƙwallo ta karya wa Baba yatsu ya samu shiga, ya kuma kai Baba ƙara wajen koci wai salla na sa shi latti, aka sallame shi. Ka tuna har Baba ya rasu ba ya iya damƙar cokali.

Tsohon, wato Holloway, yana raye, ya ga hoton ya yi gum. Na kama kujera a sahun gaba a wajen bikin. Kada ka ce in yi haƙuri, ba zan yi ba.

Ƙanwarka,
Zubaida

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, na je.

Da aka ba da damar magana, na nuna musu ƙafafun mutumin da ke hoton. Dugadugansa a ƙasa suke daram, irin tsugunon da muke yi wa manya. Bature kuwa a kan yatsu yake tsuguno. Da tsufana na tsuguna a gabansu, na ce 'ya'yan Holloway su gwada. Babban ya gwada, ya kife ta baya har gilashinsa ya tashi. Wallahi na ji sanyi a raina.

Tsohon ya fashe da kuka a keken guragunsa, ya amsa da bakinsa cewa Masawudu ne. A take aka cire sunansa. Ya kama hannuna yana neman gafara, jama'a duk sun zuba mini ido.

Na zare hannuna. Na ce ba ni ya zalunta ba, wanda zai yafe masa yana maƙabarta. Na kwatanta masa bas ɗin da ke zuwa can.

A gaida Awabu.

Taka har kullum,
Zubaida