Jakar Sunayen da Na Tura Damagaram

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, kuma babu mai karanta maka ita. Amma yau kwanana tara da fita takaba, abin da ke cikina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na jawo kujerar keken ɗinkinka na zauna.

Gida lafiya. 'Yarmu Nana ta samu aikin nan na filin jirgi, har yanzu ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Ina nan a ɗakinmu na unguwar Jamaica, ban tashi ba. Kulob ɗin da kake yi wa ɗinki kuwa, abin da kake tsoro ya tabbata. Sun buga wasansu na ƙarshe a tsohon filin, za su koma Brooklyn. An ce manyan mutane da gemu sun yi ta kuka a kan kujeru. Da kana nan da kai ne limaminsu.

Ka tuna yadda nake tsokanarka? Mutumin Damagaram, wanda rana ta gasa tun yana goye, wai shi ne ya mace a kan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Ƙarti marasa haƙoran gaba suna bin ɗan faifan roba da sanduna suna dambe, kai kana gaban talabijin kana salati. Shekara ashirin da ɗoriya kana bin jirgin ƙasa da bas zuwa filin nan, kana ɗinka musu sunaye da lambobi a bayan riguna, kana yi musu faci inda sanda ta yaga. Ko sau ɗaya ban bi ka ba. Kullum sai in ce sanyi.

Duk ɗan wasan da aka sayar ko ya tsufa, sai a ce ka farke ƙyallen sunansa daga riga a zubar. Kai kuma ka roƙi maigidanka, tsohon Baturen nan mai kula da kayan wasa, ya bar maka su. Haka ka cika jakar bakko guda. Ranar da ba aiki ka baje su a tsakar ɗaki kana jera mini tarihi kamar maroƙi a gidan biki. Yadda aka kafa kulob ɗin kowa na yi musu dariya, yadda suka zo suka ɗauki kofi shekaru a jere tun kafin ka taka ƙasar nan, sannan dogon farin rashin kofi da ya biyo baya, wanda kai a cikinsa ka zo. Wannan yaron ya karye a gwiwa, wancan an sayar da shi ranar da matarsa ta haihu. Kana cewa in ka bar aiki za ka haɗe su ka ɗinka bargo guda, don kada a manta da waɗanda suka sha kaye. Ni kuwa ina tsallake su da tsintsiya ina cewa tsummoki.

To ga abin da ban faɗa maka ba.

Satinka na biyu a asibiti, bikin 'yar Yaya Habsu ya matso can Damagaram, mai ɗaukar kaya na Bronx ya ce jirgin ruwa ba zai jira ni ba. Na sayo tangaran da kofunan gilashi a layin 116 na kayan ɗakin amarya, na rasa abin da zan naɗe su kada su fashe a cikin gangar da za a tura su. Idona ya faɗa kan jakarka a ƙarƙashin gado. Ba mantuwa na yi ba, Malam, kada in ƙara ƙarya a kan ƙarya. Na san ko mene ne a ciki. Ina jin haushin aikin nan a lokacin, ina ganin sanyin filin ne ya cinye maka ƙirji. Na naɗe kowane faranti da sunan mutum guda, na danna, na sa aka rufe ganga. Ko kofi ɗaya bai fashe ba.

Sau biyu ka tambaye ni jakar, sau biyu na ce tana nan inda ka bar ta. Ranar Laraba da jikinka ya yi tsanani, ka riƙe hannuna ka ce ka yafe mini duniya da lahira, ka nemi in yafe maka. Nan ne wurin faɗa. Bakina ya buɗe, sai na ga yadda numfashinka ke fita da ƙyar, na ce na yafe, na yi shiru. Shin don in tausaya maka na yi shirun, ko don in tsira da yafiyar? Wallahi har yau ban sani ba.

Shekaranjiya maigidan naka ya kira. Wai suna tattara kayan tarihi kafin tashi, kuma ka taɓa gaya masa duk sunan da ya bi ta hannunka yana wurinka. Suna so su sa su a gilashi a sabon filin, da sunanka a ƙasa. Sunanka, Malam, kai da ko a hoton kulob ba ka taɓa fitowa ba. Na ce masa zan duba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi na zo ƙarshensa.

Na buga wa Yaya Habsu waya na tambaye ta ƙyallayen. Ta yi dariya ta ce ai ƙyallayen suna da ƙwari, sun yi gammo da wasu, wasu an sauke tukwanen biki da su, sauran yara sun watsar. Ba laifinta ba ne. Wa ya gaya mata?

Na tambayi limamin masallacinmu ko yafiya tana hawa kan laifin da mai yafewa bai san da shi ba. Ya ce Allah mai rahama ne, in yawaita yi maka sadaka. Ina yi. Amma ba amsarsa nake nema ba, taka nake nema.

Ɗazu na buɗe aljihun kekenka ko zan samu ko da guda ɗaya da ya tsira. Na samu guda. Sabon ƙyalle ne, ba daga rigar kowa ka farke shi ba. Ka yanka haruffan sunana ka jera, ka ɗinke huɗu, biyu na ƙarshe suna maƙale da allura. A gefe ka liƙa harafin nan da ka ce shugaban 'yan wasa kaɗai ake sa wa a ƙirji. Ashe a tsakiyar bargon ka yi niyyar sa ni?

Ranar Juma'a Baturen zai zo. Zan zaunar da shi in gaya masa gaskiyar da na kasa gaya maka, Nana ta fassara, ita ma ta ji wace ce uwarta. Wannan guda ɗayan kuwa ba zan ba shi ba, ba kuma zan ƙarasa ɗinkin ba. Allurar za ta zauna inda ka soke ta.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makoma. In ya haɗa fuskokinmu, kafin ka tambaye ni jaka zan faɗa maka da bakina, sannan ka sake yafewa in ka ga dama.

Matarka da ba ta taɓa bin ka filin ba,
Rakiya